Darakta yana Legas, kai kana ɗakinka a Birnin Kebbi: yadda ake haɗa layin ɗaukar murya

Wannan lacca ce da aka yi wa matasa masu aikin murya a Birnin Kebbi, aka rubuto ta daga faifan da aka ɗauka, an kuma rage maimaici.

Assalamu alaikum. Malamai, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Da yawanku kun fara sana'ar nan ne da karanta talla da sanarwa a gidajen rediyo irin su Equity FM nan gari ko Pride FM a Gusau, inda injiniya yake bayan gilashi kana ganinsa. Yanzu mai aikin yana Legas ko Landan, yana son Bahaushe ya karanta masa tallar banki, ko sanarwar rigakafi, ko muryar da ke amsa waya, kuma yana son ya ji ka kai tsaye ya ce "sake wannan layin, ka sassauta". To yaya za a haɗa?

Da farko dai ku raba abu biyu a ranku. Akwai layin da kuke jin juna da darakta, akwai kuma inda ake naɗar muryar. Wanda ya ɗora su duka a kan intanet a garin nan ya yi ganganci. Intanet na magana ne. Asalin murya kuwa, ko wace manhaja aka ce ka hau, ka naɗe ta a kwamfutarka. Mutanen Zamfara sun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya na jihar baki ɗaya. Ko ba a kai can ba, yankewar daƙiƙa biyu ta isa ta cinye kalma a tsakiyar karatun da ya fi kowane kyau.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ta fi dacewa da mu, ita ce darakta ya saurare ka ta Zoom ko Google Meet ko ma kiran WhatsApp, kai kuma kana naɗa da manhajar naɗar sauti irin su Audacity ko Reaper. In an gama ka aika fayil. Abin da ke ɓata wannan hanya shi ne manhajojin taro an gina su ne don su gyara murya: suna danne ƙara, suna ɗaga sauti su sauke da kansu. Darakta zai ji numfashinka ya ɓace, ƙarshen kalma ya gutsure, ya ɗauka kai ne ka haɗiye. A Zoom akwai wurin da ake kunna sautin asali, ka kunna shi, ka kashe mai daidaita ƙarfin makirufo da kansa.

Hanya ta biyu ita ce wadda situdiyon can ke naɗar muryarka kai tsaye. A da ana yin wannan da layin ISDN, hanyoyi biyu masu kilobit 64 kowacce, amma kamfanonin waya na Turai da Amurka sun daɗe suna rufe shi. Abin da ya gaje shi a manyan situdiyo shi ne Source-Connect, sai ipDTL da SessionLinkPro da Cleanfeed. Cleanfeed a cikin Chrome yake aiki, yana da na kyauta, mahaɗi kawai za a turo maka ka danna. Source-Connect da kuɗi ake biyansa, da dala kuma. Shawarata, kada kowa ya saye shi don ado. Ka bari sai mai aiki ya nema da bakinsa kuma kuɗin aikin ya rufe. Akwai kuma tarko ɗaya. Tsohon tsarinsa yana son a buɗe ƙofofin UDP 6000 da 6001 a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, alhali layukan waya suna raba adireshin intanet guda ga mutane da yawa, don haka ko ka buɗe a rautarka ƙofar tana rufe daga can sama. Sai dai a bi ta na'urar kamfanin da ke tsakiya, wanda ke ƙara ɗan jinkiri. Ku gwada da injiniyan situdiyon can kwana ɗaya kafin ranar aiki.

Akwai irin su Riverside da Zencastr masu naɗa a kwamfutarka suna lodawa a hankali. Suna da kyau ga hira. Kada dai ka rufe shafin sai ya nuna ya gama lodi.

Yanzu maganar layin kansa, inda aka fi yin kuskure. Mutum zai ce layinsa yana ba da megabit 30, me zai hana? Murya ɗaya mai kyau ba ta wuce kilobit 128 a daƙiƙa, wato kusan megabait 58 a awa ta ɓangare guda. Ba gudu ake nema ba, daidaito ake nema. Sauti yana tafiya ne a ƙananan ƙunshi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma: in sun taho a jere ko a hankali ne lafiya lau, in wani ya tsaya wani ya ɓace, nan ake jin tsinkewa da murya irin ta mutum-mutumi. Ka buɗe baƙin allon umarni na Windows ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, ka bar shi minti goma a daidai lokacin da za a yi aikin. Lambobin da za su riƙa fitowa jinkirin layin ne, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan suna zaune, ko da 150 ne, za a yi aiki. Idan suna tsalle daga 60 zuwa 400, ko ana samun layin da ya ce lokaci ya ƙare fiye da ɗaya cikin ɗari, wannan layin ba na ɗauka ba ne. Za ku lura da dare bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau waya, lambobin sun fi hauka. Da hantsi sun fi kwanciya.

Magani: ka haɗa kwamfuta da rauta da kebul, ka kashe Wi-Fi. Ka sa rautar kusa da taga ta ɓangaren da turken sabis yake, ka ja kebul zuwa ɗakin. Ka hana yaran gida kallon bidiyo a layin, ka tsayar da sabuntawar Windows da lodin Google Drive, ka kashe kyamara. Ka ajiye layi na biyu na wani kamfani daban, in na farko MTN ne na biyu ya zama Airtel ko Glo, a waya mai kebul ɗin USB a shirye. Starlink ya shigo Nijeriya a farkon 2023 kuma yana taimako, amma in bishiya ko bene ya tare masa sama yakan yanke na ɗan lokaci, haka in hadari ya yi nauyi.

Sai saitin kwamfuta. Aikin talla da bidiyo kilohaz 48 ne, bit 24, fayil irin na WAV, mono (hanyar sauti ɗaya). Littafin sauraro yawanci 44.1. Ka tabbatar lambar ɗaya ce a akwatin sautinka (wanda ke haɗa makirufo da kwamfuta), da saitin Windows, da manhajar naɗa. In suka saɓa, ko ka ji ƙas-ƙas, ko muryarka ta fito ta yi kauri ko siriri. Wata matsalar kuma, manhajar naɗa takan riƙe akwatin sautin ita kaɗai, Chrome ya rasa makirufo, darakta ya ce ba ya jin ka. Ka shiga saitin sauti ka cire alamar da ke ba manhaja ɗaya izinin mallake na'urar. Ƙarfin murya ya tsaya tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili. Ka sa hedifon mai rufe kunne, lasifika a kashe, in ba haka ba muryar darakta za ta koma makirufo ya riƙa jin kansa, ta kuma shiga fayil ɗinka. Kanka kuwa ka saurara ta maɓallin ji kai tsaye na jikin akwatin, domin wanda ya zagayo ta kwamfuta yana makara, kuma mai jin muryarsa a makare sai ya fara in'ina.

Wuta fa? Janareta ba ya zama da ɗaukar murya. Bayan ƙararsa, yana sa gunji mai haz 50 a cikin sauti, haka ma inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Ka cika batirin laftof, ka zare caja, rauta ta hau batirinta. In gunjin ya tafi da zare caja, ka gane tushensa. Fanka dole a kashe, kuma a watan Afrilu a garin nan ba wanda zai jure awa guda cikin labule da katifa, don haka ka gaya wa darakta tun farko za a riƙa shan iska duk bayan minti ashirin. Ka duba lokutan kiran salla da tashin 'yan makaranta da 'yan kabu-kabu kafin ka amsa lokaci. Landan agogonmu ɗaya da su daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni mun riga su da awa ɗaya.

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya daga baya: in an gama, ta yaya ake aika fayil ɗin ba tare da ya lalace ba?

Madalla, Malama. Minti ɗaya na WAV irin wanda na faɗa ya kai megabait 8.6, awa guda ta haura 500, to ki tanadi data. Ki aika ta Google Drive ko WeTransfer. In ta WhatsApp suka ce, ki tura shi a matsayin takarda, kada ki kuskura ki yi saƙon murya, matse shi yake yi. Ki bar fayil ɗin yadda aka naɗe shi, kada ki wanke ƙara sai sun ce, ki haɗa musu da daƙiƙa 30 na shirun ɗakin. Kafin kowane karatu ki faɗi lambarsa da baki, domin in injiniya ya ce na bakwai ne ya tsinke a wurinsu, ki san inda za ki yanko masa. Ki ajiye kwafi a filashi har sai kuɗi ya shigo.