'Yan Ƙato da Gora na Maiduguri: Asalinsu da Haƙƙin Waɗanda Suka Tsare Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa. Za mu yi magana a kan matasan sa-kai na Maiduguri, waɗanda hukuma ke kira Civilian JTF, jama'a kuma ke ce musu 'yan ƙato da gora. Zan taƙaita tarihin kafuwarsu, sannan in daɗe a kan makomar wanda ya ji rauni a cikinsu, da wanda ƙarfinsa ya ƙare, da iyalin wanda ya rasu.

Bayan rikicin watan Yulin 2009 da kisan Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda, mabiyansa sun ɓuya, sannan suka dawo a 2010 da salon ɗauki ɗai-ɗai. Mutum biyu a kan babur, a harbi ɗan sanda, ko bulama, ko malami, a shige lungu. A watan Yunin 2011 gwamnatin tarayya ta kafa rundunar haɗin gwiwa ta JTF. Matsalar sojan da aka kawo daga nesa ita ce bai san gari ba, ba ya jin Kanuri, bai san ɗan wane ne ya koma daji ba. In aka kai masa hari a unguwa sai ya killace ta, ya kwashe samarin da ya tarar. Mutanen gari suka rasa tudun dafawa: ka faɗa wa soja abin da ka gani a biyo ka gida da dare, ka yi shiru a ce da kai aka haɗa baki.

Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya. A wannan tsakanin ne matasan unguwar Hausari suka fara kama 'yan bindiga da hannunsu suna miƙa wa soja. Sunan da aka fi ambata a matsayin wanda ya fara shi ne Baba Lawan Jafar, ɗan kasuwa. Cikin 'yan makonni abin ya game gari.

Makaminsu na farko gora ne da adda da kwari da baka, sai bindigar toka nan da can. Amma abin da ya karya lagon 'yan bindigar a cikin birni sanin mutane ne. Saurayin da ke tsaye a shinge ya san wanda suka yi makarantar allo tare, ya san wanda ya ɓace wata shida ya dawo da kuɗin da ba a san tushensu ba. Soja suka ga amfanin haka, suka raba su shiyya goma daidai da shiyyoyin JTF na birnin, kowace shiyya da shugabanta da ke aiki da kwamandan soja na wurin. Sabon shiga yakan yi rantsuwa da Alƙur'ani, Kirista kuma da Littafi Mai Tsarki. Kafin shekarar ta ƙare, akasarin mayaƙan sun bar Maiduguri sun koma Sambisa da duwatsun Gwoza da bakin Tafkin Chadi.

Daga nan ne asarar rayuka ta ƙaru, domin an fara fita da su wajen gari, inda sanin unguwa ba ya amfani. A ƙarshen Agustan 2013 an yi musu kwanton ɓauna kusa da Monguno, aka kashe aƙalla 24. Garuruwan da suka kafa tasu ƙungiyar, irin su Benisheik, suka zama abin hari na ramuwar gayya. Da aka fara ɗaura wa mata da 'yan mata bam daga 2014, sai mata suka shiga aikin, su ne ke laluben mata a ƙofar kasuwa da tasha da sansanonin 'yan gudun hijira. Waɗannan matan su ne aka fi mantawa da su in ana lissafi. A ƙarshen Janairu da farkon Fabrairun 2015 an kawo wa Maiduguri manyan hare-hare biyu, kuma 'yan gora na cikin waɗanda suka tare su. Zuwa tsakiyar 2017 ƙungiyar da bakinta ta ce ta rasa mutum 680.

Akwai ɗaya ɓangaren da bai kamata a ɓoye ba. Bayan harin da Boko Haram ta kai barikin Giwa a Maiduguri ranar 14 ga Maris 2014, Amnesty International ta zargi soja da wasu 'yan gora da kashe fiye da mutum 600, yawancinsu tsararrun da suka tsere aka sake kamawa. An yi ƙorafin karɓar na goro a shinge, da cin zarafin mata a sansani, da ɗora wa mutum laifi saboda tsohuwar gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙungiyar 'yan gora cikin jerin masu amfani da yara a yaƙi. A Satumban 2017 suka sa hannu kan yarjejeniyar dainawa, aka saki yara 833 a Oktoban 2018, da wasu 894 a Mayun 2019, sannan a 2021 aka cire sunanta daga jerin. Na kawo wannan ne domin duk tsarin kula da tsofaffin 'yan gora sai ya zo da tantancewa. Wanda ake tuhumarsa da jini, kotu ce muhallinsa, kuma laifinsa ba zai zama hujjar hana dubban da suka yi aiki da gaskiya haƙƙinsu ba.

To, mu zo kan kuɗi. A ƙarshen 2013 Gwamna Kashim Shettima ya ƙirƙiro shirin BOYES na tallafa wa matasan Borno. An ɗauki kimanin 'yan gora 1,850, aka ba su horo na 'yan makonni, da kaki, da motoci, da alawus na naira 15,000 a wata. Ita kuwa ƙungiyar ta ce mambobinta a jihar sun kai 26,000. Ku buga lissafin: kusan bakwai cikin ɗari ke nan. Tun daga ranar ƙungiyar ta rabu gida-gida. Ga mai kaki da alawus, ga wanda sunansa ke littafin shiyya amma ba ya karɓar komai, ga kuma na ƙauye wanda bulama kaɗai ya san da shi. Harsashi bai bambanta su ba, amma takarda ta bambanta. A 2016 an ɗauki 250 aikin soja. A 2019 Gwamna Babagana Zulum ya ɗaga alawus ɗin zuwa 20,000, ya jawo maharba da 'yan banga cikin tsarin, daga baya kuma aka ba marayun wasu da suka rasu tallafin karatu. Abin yabo ne. Sai dai mu lura, a shekarar da aka fara biyan 15,000 mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, a 2019 ya koma 30,000, a 2024 ya kai 70,000.

Tushen matsalar yana cikin matsayinsu a doka. Sojan da ya yi ritaya yana da Hukumar Fanshon Soja, yana da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, ana tunawa da shi kowace 15 ga Janairu. Ma'aikacin gwamnati kuwa, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta a yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ɗan gora ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba ne, ba kuma ma'aikaci ba ne. Abin da yake karɓa alawus ne, alawus kuwa ba ya haifar da fansho. Da za a yi masa lissafin inshora a kan alawus ɗin 20,000 na 2019, iyalinsa za su tashi da naira 720,000 a matsayin haƙƙin da za su iya nema ko a kotu. A yanzu abin da ke zuwa gudummawar ta'aziyya ce, gwargwadon halin gwamnan da ke kai da kuma ko labarin rasuwar ya isa kunnensa.

Gyaran daga rajista zai fara, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. In aka ce shugaban shiyya ya kawo suna, za a sami ƙannensa da surukansa a ciki, a bar wanda ya kwana a shinge shekara biyar. In aka ce sai mai katin shaida, an zubar da duk wanda ya yi aiki kafin a fara buga kati. Hanyar da ta fi tsafta ita ce shaida uku daga wurare daban: shugaban shiyya, da lawani ko bulaman unguwa, da abokan aiki biyu da aka riga aka tantance. Sannan a liƙa sunayen a ƙofar fadar hakimi na tsawon mako biyu, mai ƙorafi ya zo ya faɗa. A haɗa kowane suna da lambar NIN da BVN don kada mutum ɗaya ya fito a shiyya biyu. A rubuta shekarar shiga da ta fita. A buɗe babi na musamman na mamata, domin wanda aka kashe a 2013 da wuya a ce yana da NIN, kuma matarsa ba za ta iya shiga layin ɗaukar hoton yatsa a madadinsa ba.

Sai takardar aukuwar lamari. Yawancin waɗanda suka rasu an yi musu sutura a ranar, kamar yadda addini ya koyar, ba takardar asibiti, ba ta Hukumar Ƙidaya. Bayan shekara biyu in aka ce a kawo hujja, sai a rasa. Takarda ɗaya ta isa: suna, rana, wuri, irin aikin da aka fita, sa hannun shugaban shiyya da na jami'in sojan da aka fita da shi, da na limamin da ya yi sallar. A cike ta cikin kwana bakwai, tun ana zaman makoki, kafin a yi wa jami'in canjin wurin aiki.

Wajen biyan iyali ma akwai rami. Fam ɗin gwamnati yakan nemi magaji ɗaya, sai a rubuta wan mamacin, kuɗi su shiga hannunsa, matan da ke takaba na wata huɗu da kwana goma ba su ma san an biya ba. Kamata ya yi a raba abin biyu. Kuɗin dunƙule su bi ta kotun shari'a ko hannun malamin da ya san rabon gado, inda matar ko matan ke da tumuni in akwai 'ya'ya, kowane magaji ya karɓi rabonsa da sunansa. Kuɗin karatun marayu kuwa a biya makaranta kai tsaye zango-zango, na ciyarwa ya shiga asusun wadda yaran ke hannunta, ko da ta sake aure.

Masu rauni su ne nauyin da ya fi daɗewa. Wanda nakiya ta cire wa ƙafa, ba ranar da aka sa masa ta roba aka gama ba. A watannin farko dungun yana motsewa, kwandon da aka auna masa ya yi yawa, ya fara goge fata har ta zama gyambo, sai ya jingine ƙafar a bango ya koma sanda. Dole a sake aunawa, kuma ƙafar kanta tana buƙatar canji duk shekara uku zuwa biyar har ƙarshen rayuwa. Akwai cibiyar yin gaɓoɓin roba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka kafa, amma mutumin Damboa ko Monguno sai ya sami kuɗin mota da na kwana kafin ya isa gare ta. Saboda haka kasafin ya ƙunshi sufuri, a kuma sa su cikin inshorar lafiya ta jiha su da iyalansu. Akwai kuma ciwon da ba a gani: rashin barci, firgita da ƙarar ƙofa, saurin hannu a kan iyali, da dogaro da ƙwaya wadda wasu suka fara sha don su iya kwanan tsaye. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Maiduguri, sai dai namijin da ya tari bindiga da gora ba zai yarda a gan shi a ƙofarsa ba. Ya fi sauƙi ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa ofishin shiyya a ranar biyan alawus, a duba kowa da kowa, ba tare da an ware wani ba.

Kun sha jin ƙorafin cewa tubabbun Boko Haram suna samun horon sana'a da jari ta shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, wanda ya kama su kuma yana zaune hannu rabbana. Karɓar masu miƙa wuya yana rage zubar da jini, ina goyon bayansa, amma wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma yana ci wa mutane rai. Saliyo ta faɗa irin wannan ramin. Da aka zo kwance ɗamara bayan yaƙinsu, sharaɗin shiga shirin shi ne ka kawo makamin yaƙi, ba a karɓar bindigar farauta. Da yawa daga cikin maharban Kamajo da suka kare garuruwansu suka tashi a tutar babu, 'yan tawaye masu AK-47 suka sami tallafi. In Borno za ta sallami 'yan gora, sharaɗin ya zama shekarun hidima da ke cikin rajista. Bindigogin da gwamnati ta raba kuma a karɓe su da lambobinsu a rana guda da biyan kuɗin sallama, a ba mutum rasit da takardar shaidar aiki wadda zai iya nunawa in ya je neman aikin gadi, ko na Civil Defence, ko na kare manoma. Duk wannan sai Majalisar Dokokin Jihar Borno ta zuba shi cikin doka, da layinsa a kasafin kowace shekara, da kwamitin amintattu da zai ƙunshi wakilin masu rauni da wakiliyar matan mamata.

Lokacin da aka ba ni ya cika. Masu tambaya su ɗaga hannu, za mu fara daga ɓangaren mata. Wassalamu alaikum.