Sharhi: Yadda Gasar Gaba da Gaba ta Wentworth Ta Mutu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa filin wasan golf ne, kan wata gasa da ta yi shekara hamsin tana tashe a Ingila, sannan ta ɓace bayan 2014. Sunanta World Match Play Championship.

Bari mu fara da tsarin wasan, domin a nan maganar take. A yawancin gasannin golf, ana tara duk bugun da ɗan wasa ya yi cikin kwana huɗu, mai mafi ƙarancin bugu ya ɗauki kofi. Wannan gasa kuwa gaba da gaba ce, mutum biyu, kamar kokawa. Kowane rami zagaye ne mai zaman kansa. Wanda ya jefa ƙwallo a ramin da bugu kaɗan ya ci wannan ramin, ko da tazarar bugu ɗaya ce ko biyar. Wanda ya fi cin ramuka shi ya ci karawar. Wanda aka kayar ya tattara sandunansa ya tafi gida, komai girman sunansa.

Mark McCormack, lauya Ba'amurke kuma wakilin manyan 'yan wasa irin su Arnold Palmer, shi ya ƙirƙiro ta a 1964, a filin Wentworth da ke yankin Surrey, yamma da Landan. Kamfanin taba sigari mai Piccadilly ne ya fara ɗaukar nauyinta. Mutum takwas kacal ake gayyata a lokacin, kuma kowace karawa rami 36 ce a yini guda, safe da yamma, cikin sanyi da hazon watan Oktoba. Palmer ne ya ci ta farko.

Amma shekara ta biyu ce ta kafa mata suna. A wasan kusa da na ƙarshe na 1965, Gary Player na Afirka ta Kudu ya haɗu da Tony Lema na Amurka. Lema ya ba shi ratar rami bakwai, saura 17 a tashi. Duk wanda ya san golf zai ce an gama. Player bai saduda ba, ya yi ta cin ramukan ɗaya bayan ɗaya har ya kamo shi, sannan ya kayar da shi a rami na 37, wato ramin da aka ƙara bayan sun yi kunnen doki. Irin wannan farfaɗowa ita ce daɗin gaba da gaba: abokin karawarka yana tsaye kusa da kai, yana kallon hannunka na rawa. Abin tausayi, Lema ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1966.

Player ya ci gasar sau biyar. Seve Ballesteros na Sifaniya shi ma sau biyar, daga 1981 zuwa 1991. 'Yan Birtaniya kuwa, masu masaukin baƙi, sai da suka yi jira har 1987 kafin Ian Woosnam ya fitar da su kunya. Daga baya Ernie Els, wani ɗan Afirka ta Kudun, ya zo ya shafe tarihin kowa da kofi bakwai tsakanin 1994 da 2007. Gidansa ma a lokacin a cikin unguwar Wentworth yake, kamar a tsakar gida yake wasa. Tiger Woods, duk da bajintarsa, bai taɓa ɗaga wannan kofi ba. Abokinsa Mark O'Meara ya doke shi a wasan ƙarshe na 1998, a 2006 kuma Shaun Micheel ya fitar da shi tun zagayen farko.

To, me ya kashe ta? Ba rashin kuɗi ba ne da farko. A zamanin da bankin HSBC ke ɗaukar nauyi, daga 2003 zuwa 2007, fam miliyan ɗaya ake ba zakara. Matsalar tana cikin tsarin ne. Mai tallace-tallace da gidan talabijin suna son tabbacin cewa tauraro zai kai ranar Lahadi, gaba da gaba kuwa ba ta ba da wannan tabbaci. Ka biya maƙudan kuɗi don a ga Tiger, ranar Alhamis an sallame shi. Ga kuma kishiya: a 1999 aka buɗe wata gasar gaba da gaba a Amurka mai ɗaukar 'yan wasa 64 mafi ƙwarewa a duniya, kuma manyan 'yan wasan Amurka suka rage sha'awar tsallaka teku a ƙarshen kaka.

A ganina, kuskuren da ya ƙarasa ta shi ne raba ta da gidanta. Ba a yi gasar ba a 2008. Da kamfanin Volvo ya karɓe ta a 2009, sai aka kai ta Finca Cortesin a Sifaniya, aka shigo da wasan rukuni. Aka sake tsallake 2010, aka canja mata wata, aka rage tsawon karawar. A 2013 har Bulgeriya aka kai ta. Sunan yana nan, amma mutanen da suka saba bin 'yan wasa a ƙafa ƙarƙashin itatuwan Wentworth ba su bi ta ba.

A 2014 ta dawo Ingila, filin London Golf Club a Kent, inda Mikko Ilonen na Finland ya doke Henrik Stenson na Sweden a wasan ƙarshe. Daga nan Volvo ya janye, ba a kuma sake yin ta ba.

Kishiyar tata ta Amurka ma ba ta tsira ba. An yi ta ƙarshe a birnin Austin na jihar Texas a 2023, Sam Burns ya ci. Filin Wentworth kuwa har gobe yana karɓar babbar gasa kowace shekara, wato BMW PGA Championship, amma ta ƙirgen bugu ce, kwana huɗu.