Ɗan Kongo ko ɗan BUK: wa za ka ɗauka a ofishinka?

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙonni suke ta shigowa a kan magana ɗaya, wai in ka buɗe ofishin lauya a Arewa, ɗan ABU Kongo, wato harabar da tsangayar lauya ta ABU take a Zariya, ko ɗan BUK ya fi maka riba. Barista Sani, kai ka tayar da ƙurar.

Sani: Ni ban ce 'yan sauran jami'o'i ba su iya ba, Hajiya. Kowa sai ya yi shekara biyar a jami'a, ya wuce makarantar horas da lauyoyi, Bagauda ko Bwari ko Yola, ya ci darussanta biyar. Amma a cikin biyar ɗin babu rabon gado na Musulunci. Wanda ya yi haɗin dokar Bature da Shari'a a BUK, ko ɓangaren Shari'a a Kongo, daga jami'a ya taho da shi. To, dubi abin da ke shigowa ofis a Kano ko Zariya: gado, saki, riƙon yara, wasiyya, wakafi.

Auwal: Da rikicin gona.

Sani: Yauwa, a nan ma ake faɗuwa! An yi shari'ar gona a Babbar Kotun Shari'a, an ka da mutuminka. Sabon lauya ya ga kalmar Shari'a, sai ya ruga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Alhali sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita huruminta ga aure, gado, wasiyya, kyauta, wakafi da makamantansu. In jayayyar mallaka ce zalla, na saya, ba ka saya ba, Babbar Kotun Jiha za a je. In aka kuskure, ko an yi nasara, a sama za a rushe komai saboda rashin hurumi, shekaru sun tafi a banza.

Hadiza: Amma ai wannan a tsarin mulki yake, ɗan Jami'ar Nsukka ma ya karanta.

Sani: Ya karanta. To ba shi kundin shari'ar ya duba ko alƙali ya yi i'izari. Kafin hukunci dole a tambayi mutum, kana da sauran magana ko hujja? In babu wannan a rubuce, ka samu dalilin ɗaukaka ƙara. Wanda bai taɓa buɗe Tuhfa ba, littafin alƙalanci na mazhabar Malikiyya, zai karanta kundin sau uku bai ga giɓin ba.

Auwal: Barista, su dai 'yan Kongo ko hular gashin nan suka sa sai sun karkata ta.

Hadiza: Kai Malam Auwal! Hular da ake sa wa a watan Afrilu a Kano?

Auwal: Da baƙar riga a kai. Gumi har cikin takalmi, kana "ya mai shari'a", fanka ta tsaya.

Sani: Shi ya sa Kotun Shari'a ta fi daɗi, ba ruwanka da hular.

Auwal: Ga liyafar cin abinci sau uku kafin a rantsar da kai. Mutum ya tashi da tuwo da hannu, an ce wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu.

Hadiza: Kazar tana gudu a faranti kana bin ta.

Auwal: Manya suna kallo, ba damar ka sa hannu!

Sani: To ku bar kazar. Ga gwajin da za a yi wa mai neman aiki, minti goma ya isa. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asalin lissafi 24 ne: mata tumuni, 3, 'ya'ya sulusi biyu, 16, uwa da uba sudusi-sudusi, 4 da 4. An tashi 27, ya zarce. Wanda ya sani zai ce an yi auli, a raba dukiyar gida 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Kafin nan ma zai tambaye ka bashi da wasiyya, kuma wasiyyar kada ta haura sulusi. Wanda ya tsaya yana danna waya, sunan makarantarsa ba zai cece shi ba.

Hadiza: Kenan ba sunan ake ɗauka ba.

Sani: Sunan yana gaya maka abin da aka koya masa ne kawai. Kuma akwai kasuwa a harkar kuɗi ta Musulunci: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, bankin TAJ a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017. Yarjejeniyar murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya, in bankin bai mallaki kayan ba kafin ya sayar, cinikin ya ɓaci. Sai lauyan da ya san fiƙihun ciniki da dokar kamfanoni tare.

Auwal: Rauninsu fa? Mun ce za mu faɗa.

Hadiza: Lokaci ya cinye mu wallahi. A taƙaice, a duba rubutunsa na Turanci, a tabbatar sunansa yana rajistar Kotun Ƙoli, ya biya kuɗin aiki na shekara, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA.

Auwal: Kongo ko BUK dai ba a amsa ba.

Sani: Kongo mana.

Hadiza: Kashe masa makirufo. Sai mako mai zuwa.