Na danna "na yarda" kafin in gama shan koko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Nima, nan cikin Accra. Ku yi haƙuri da hayaniya, yaran trotro, ƙananan bas na haya, ne ke kiran fasinjan Circle da ke tsakiyar gari. Ga kokona, ga ƙosai, Hajiya ta ƙara mini biyu kyauta saboda ta ce na rame. Allah ya saka, Hajiya.

To, ku matso ku ga fuskar wayata. Ina idar da sallar asuba na buɗe manhajar da nake ɗaukar fasinja da ita, sai ta ƙi barina in shiga. Wai an sabunta sharuɗɗa. Ku duba, ina ja, ina ja, rubutu ƙanana kamar tururuwa, duk da Turancin lauyoyi. Can ƙasa kuma madanni ɗaya ne tal, na cewa ka yarda. Na nemi inda zan ce ban yarda ba, babu. Na nemi inda zan ce a ba ni zuwa gobe in kai wa wanda ya fi ni boko ya duba, babu. Ranar Asabar kuma mai mota yana jiran kuɗinsa, domin motar nan irin tsarin nan ne da ake kira wok an pe a Gana: kana biya duk mako har ta zama taka, ka yi fashin biya ya karɓe makulli. Sai na danna. Yanzu a rubuce yake a wurinsu cewa ni, da hankalina, na amince.

Ranar da na yi rajista an ce mini ni abokin hulɗa ne, ni ke da kaina, in fita lokacin da na so, in koma lokacin da na so. Kuma wallahi akwai gaskiya a ciki. Ranar Juma'a ina kashe waya in tafi masallaci, babu wanda ke ɗaga mini gira. Da azumi nakan huta da rana in fito bayan tarawihi. Na taɓa yin aikin shago a Kantin Kwari, na san abin da ake nufi da maigida yana tsaye a kanka, don haka ba na raina wannan.

Amma kuɗin tafiya ba ni ke yankawa ba. Kason da za a cire ba da ni aka zauna ba. In an turo mini tafiya na ƙi, aka sake turowa na ƙi, sai in ga waya ta yi tsit kamar an yi mata baki. Kai, ko ɗan acaba a Kano a da yana iya cewa "ba na zuwa can" ya kuma yi ciniki.

Ga Kawu can yana wanke gilashi. Kawu, ina kwana? A gaya wa masu kallo abin da ya faru bara? Ya ce in faɗa, shi ba ya son kyamara. Haifaffen Zango ne, ya yi shekaru yana tuƙa tasi tun kafin manhajar ɗaukar fasinja ta Uber ta shigo Accra a 2016, kafin Bolt da Yango su biyo baya. Wani fasinja ya kai ƙararsa, har yau bai san a kan me ba. Da safe ya tarar an rufe masa shiga. Ya rubuta saƙo, amsa iri ɗaya ke dawowa, harafi bai canza ba. Kwana tara motar na ajiye a ƙofar gida tana shan ƙura, sannan aka buɗe, ba bayani, ba haƙuri. Abin da ya ce mini lokacin shi ne, "Ɗana, a tasha in an kai ƙararka, shugaba zai zaunar da ku ku biyu. Nan wa zan kalla in rantse masa?"

Gana tana da dokar ƙwadago ta 2003, wadda ta yi maganar hutu, da sallama daga aiki, da haƙƙin shiga ƙungiya. Sai dai galibin kariyar ta ma'aikaci ce mai ubangida, mu kuma takarda ta ce mu ne iyayen gidan kanmu. Shi ya sa ba mai zuba mana kuɗin fansho a SSNIT, hukumar fansho ta Gana, sai in kai ka kai kanka. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, ga shi duk lungun da na bi da duk birkin da na taka waya na ɗauka.

A Ingila direbobi ne suka kai ƙara, a 2021 kotun ƙoli ta ce direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu, domin kamfanin ke yanka farashi, shi ke tsara sharuɗɗa. Tarayyar Turai ma a 2024 ta fitar da doka wadda a ciki aka ce rufe wa mutum shiga aiki ba hukuncin da za a bar wa na'ura ba ne, sai ɗan'adam ya yanke, ya kuma bayar da dalili. Ni a duk abin da ake ta muhawara a kai, wannan ya fi tsaya mini a rai, saboda Kawu. Ba ma sai an mayar da ni ɗan albashi ba, don ina tsoron a ce mini ƙarfe shida zuwa shida. A ba ni sanarwa mako biyu kafin a taɓa kaso, a rubuta ta da harshen da direba zai gane, in na ce a'a ga tafiya kada a horar da ni a ɓoye.

Af, ga waya nan ta yi ƙara, an turo tafiya. Maamobi zuwa Kasoa, da wannan safiyar. Duk wanda ya san hanyar nan ya san cunkoson da ke jirana a dawowa, mai zai ƙone, kuma jiya na riga na ƙi guda biyu. Daƙiƙoƙi na tafiya. Hajiya, ajiye mini sauran ƙosan. Kawu, matsar da bokitinka in fita.