Darasi: Yadda ake kiɗa asubar kan dutse da piyano

To jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. A jona piyano da kwamfuta, a buɗo sautin goge irin na turawa, mai yawa, ba guda ɗaya ba.

Yau wurin Richard Strauss za mu ɗauki karatu, Bajamushen da ya rubuta kiɗan tsaunukan Alps, aka fara kaɗa shi a Berlin a 1915. Kashi 22 ne, kusan minti 50 ba tsayawa, makaɗa sun haura 100. Labarin yini guda ne: an fita da duhu, an hau, an kai ƙololuwa, hadari ya taso, an sauko. Mu farkon kawai muke so.

Ku sa yatsa kan maɓallin piyano da ake kira B-flat. Za mu gangaro: A-flat, G-flat, F, har ƙasa. To ga inda ake kuskure. Kada ku ɗaga! Duk wanda kuka taɓa ku bar shi yana kuka, ku ɗora na gaba a kansa. Ku taka fedal, wato matakin da ke tsawaita sauti, ƙafa ta zauna. Kunnenku zai ce muku ya cakuɗe, hannu zai so ya gyara. Ku ƙyale shi, cakuɗewar ake nema, ita ce duhun da ba a rarrabe dutse da sama. A hankali fa, can ƙasa-ƙasa. Bari in ƙara... a'a, in rage, ya yi ƙarfi. Yauwa. Kun ji?

Sai rana ta fito. Ku koma A, ku saki komai da ƙarfi, da ƙahonni da kuge. Abin da ke burge ni, rana na hawa amma kiɗan saukowa yake yi. A ganina haske ne ya bugi kan dutse, yake gangarowa kwari.

Ƙahonnin mafarauta kuwa, shi a bayan dandamali ya ɓoye masu busar don a ji su daga nesa. Mu sai mu rage murya, mu ƙara amo, shi ke nan. Ƙararrawar shanu ma akwai a gaba, ni na fi son in ɗauki ta gaske da waya.

Masu tambayar ajinmu na Asabar, akwai sauran gurbi, a zo da abin sauraro na kunne. Mu sake daga B-flat, ƙafa kan fedal.