Wuta daga zafi da sanyin teku: laccar da aka gabatar a Samaru

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, da iyayenmu da suka taso daga cikin birni, sannunku da zuwa.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bazazzage da teku. To, duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi cikin bazara ya san ruwan ƙasa sanyi gare shi. Teku ma haka take. A yankinmu na zafi, ruwan saman teku yakan kai digiri 27, amma a zurfin mita 1000 bai wuce 4 ko 5 ba. Idan tazarar ta kai digiri 20, ana iya samun wutar lantarki. Ruwan ɗumi ya tafasa amoniya, wani sinadari mai tafasa da ɗan zafi kaɗan, tururinta ya juya inji, ruwan sanyi ya mayar da ita ruwa, a sake zagayowa. Dare da rana, ba a jiran rana ko iska.

Dabarar ta tsufa. Wani Bafaranshe, d'Arsonval, ya kawo ta a 1881, ɗalibinsa Georges Claude ya gwada ta a Kuba a 1930. Cikin shekarun 1950 Faransawa sun tsara wata tasha a Abijan, ba a gina ta ba. Yau akwai ƙanana a Hawai da tsibirin Kumejima na Japan.

Ga abin da ya kawo ni nan. Injin nan kashi uku cikin ɗari kawai na zafin yake mayarwa wuta, don haka babbar tasha sai ta riƙa zuƙo ruwa kamar kogi guda. Ina za a zubar da shi? Ruwan ƙasan teku cike yake da gishirin taki, irin wanda manomanmu ke nema a buhu. Ka zuba shi a sama inda rana ke bugawa, gansakuka ta yi yawa, kifi ya canja wurin kiwo. Bututun da ke shan ruwan ɗumi kuma yana haɗiye ƙwan kifi da 'ya'yansa, abin da masunci ba zai gani ba sai bayan shekaru, in komarsa ta fara dawowa ba nauyi. Ga amoniya, in ta tsiyaya guba ce. Wallahi wannan ya fi damuna fiye da kuɗin ginin.

Mun ga yadda tsohuwar Bussa ta nutse a ruwan Kainji a 1968. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli sai a 1992 muka same ta. Wannan karon dokar ta riga aikin, saboda haka kafin a dasa bututu ko ɗaya a gaɓar Legas ko Akwa Ibom, a auna zafi da gishirin ruwa shekara cikakkiya, damina da rani, a tsayar da zurfin da za a mayar da ruwan, a zauna da masunta su nuna inda kifi ke ƙwai.

Ku ɗaliban nan da kuke ɗibar ruwan Kubanni kuna aunawa, wannan awon ne dai, zurfi ne ya bambanta. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a kai masa makirfo.