Moon Sung-kil: ɗan damben Koriya da jinin gira ya kayar, ya kuma ɗaga

Assalamu alaikum. Jama'a barkanku da yamma, na ga har wasu na tsaye a baya, ku yi haƙuri, ba zan ja ku da nisa ba.

Yau damben boksin za mu taɓa, kuma mutum guda zan ɗauka, Moon Sung-kil na Koriya ta Kudu, wanda aka haifa a 1963. Ajinsa shi ne bantam, wato masu nauyin kilo 54 ko ƙasa da haka. Ɗan ƙaramin mutum ne, in ka gan shi a kasuwa ba za ka kauce masa ba. Amma hannunsa kamar guduma. Kuma bai iya ja da baya ba, kansa a gaba yake shiga, ya sha naushi biyu don ya sauke ɗaya. Ku riƙe wannan maganar ta kai a gaba, za mu dawo gare ta.

Boksin gida biyu ne. Akwai na wakiltar ƙasa, inda ake neman lambar yabo, turmi uku kacal. Akwai na kuɗi, inda ake neman kambu, a yi turmi 12. Moon ya fara da na farkon. A 1982 ya ci zinare a wasannin Asiya a New Delhi. A 1984 ya tafi Olamfik a Los Angeles, ya gamu da Robert Shannon na Amurka a gaban mutanensa, ya dake shi har alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 3. A tawagar Amurka ta wannan shekara, Shannon ne kaɗai ya tashi ba lamba. To sai ga Pedro Nolasco na Jamhuriyar Dominika a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. Tun turmin farko fuskar Moon ta tsage, jini ya zuba, aka tsayar, aka ɗaga hannun Nolasco. Shi ke nan, shekara da shekaru na shiri sun tafi cikin minti uku.

Bai karaya ba. A 1986 ya ci gasar duniya a Reno ta Amurka, shi ne ɗan Koriya ta Kudu na farko da ya yi haka, ya ƙara da zinaren wasannin Asiya a Seoul. Kowa ya sa ran zai jira Olamfik ta 1988 da za a yi a gidansu. Sai ya tsallaka damben kuɗi a 1987. Ni dai har yau ina ganin ya yi gaggawa, amma wanda ke shan naushin shi ya san lissafinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓe shi. A damben kuɗi akwai wata doka: idan karon kai ba da gangan ba ya jawo rauni, kuma an riga an yi turmi da dama, ba a cewa mai rauni ya faɗi. Takardun alƙalai ake dubawa, wanda ke gaba da maki shi ya ci. Da wannan doka Moon ya karɓi kambun WBA, ɗaya daga cikin hukumomin damben duniya, a Agustan 1988 daga hannun Khaokor Galaxy na Tailan, ɗan tagwayen zakaran dambe Khaosai Galaxy, a turmi na 6, a wasansa na 7 kacal. Ya kare kambun sau biyu, sannan Khaokor ya ƙwace abinsa da maki a Bangkok a 1989.

Sai ya rage nauyi, ya sauka aji na ƙasa, kilo 52 da ɗoriya. 'Yan'uwanmu na Ghana da ke nan, na san kun san inda na nufa. Nana Konadu, mutumin Sunyani, ya je har Meziko a ƙarshen 1989 ya karɓo kambun WBC, wata hukumar damben duniya, daga Gilberto Roman. A Janairun 1990 ya kai shi Seoul. Wannan wasa, in da a filin dambenmu na gargajiya ne, da tun turmin farko an tashi, don duk wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi. Su kuwa wannan ya faɗi ya tashi, wancan ya faɗi ya tashi. A turmi na 9 aka tsayar saboda rauni, aka duba maki, Moon ya ci. Kun gani ko? Jinin da ya raba shi da lambar Olamfik, shi ya miƙa masa kambu har sau biyu. Mutumin bai sauya salo ba, dokar ce ta bambanta.

Wasu suka ce sa'a ce da alƙalan gida. Aka sake haɗa su a 1991 a Zaragoza ta Sifaniya, ba gidan kowa ba, Moon ya gama da Konadu a turmi na 4. Sau 9 ya kare wannan kambu, cikin waɗanda ya kayar har da Roman ɗin da Hilario Zapata na Panama, wanda bai wuce turmin farko ba.

A Nuwamban 1993 Jose Luis Bueno na Meziko ya zo Pohang ya ci shi da maki, alƙalai biyu suka ba baƙo, ɗaya ya ba Moon. Daga nan ya ajiye safar hannu yana ɗan shekara 30, da wasa 22, nasara 20, faɗuwa 2.

Malam na can baya tun ɗazu hannunka a sama, bismillah, a miƙa masa lasifika.